Barci bayan barin giya: nazarin lamarin wani tela a Kaduna

## Mutumin da yadda abin ya faro

Magidanci ne ɗan shekara 41, tela mai ɗinkin kayan maza, shagonsa yana Kasuwar Barci a Tudun Wada. Abokan sana'a sun sha tsokanarsa da sunan kasuwar, don kowa a layin ya san ba ya samun barcin. Matarsa ɗaya, 'ya'ya huɗu, suna zaune a ɗaki da falo a gidan haya.

Yana da shekara 27 ya fara sha, kuma ta ƙofar barci abin ya shigo. A ƙarshen wani azumi, bayan an yi dare goma ana kwana a kan keke da ataya ana ɗinkin Sallah, aiki ya ƙare amma ido ya ƙi rufuwa. Wani aboki ya miƙo masa kwalba ɗaya. Daren nan ya yi barci kamar matacce, daga nan ya ɗauki abin a matsayin magani. A shekara biyar ɗin ƙarshe babu daren da ya tsallake. Bayan isha'i yakan tafi wata mashaya nesa da unguwarsu, ya sha kwalba huɗu masu santilita 60, ya bi su da ƙananan ledojin nan na barasa mai zafi guda uku. Kwalba ɗaya mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari tana ɗauke da kusan giram 24 na tsantsar barasa, leda mai mililita 30 kusan giram 10. Ke nan kusan giram 125 kowane dare.

A tsakiyar Oktoba wansa ya kai shi asibiti, bayan ya wayi gari hannu na rawa har ya kasa zura zare a allura. A tambayoyi goma na ma'aunin AUDIT na Hukumar Lafiya ta Duniya ya samu 27 cikin 40; daga 20 zuwa sama ake zaton jiki ya riga ya dogara da giya. Awon jininsa 150 bisa 95.

## Irin barcin da yake yi lokacin yana sha

Uwargida ce ta ba da wannan bayani, don shi bai riƙe komai ba. Yakan shigo wajen ƙarfe 11:30 na dare, kafin minti biyar barci ya yi awon gaba da shi, wani lokaci da takalmi a ƙafa, ga minshari mai hana yara barci. Wajen ƙarfe 3 sai ya farka cikin gumi da ƙishirwa, zuciya na bugawa, ya fita fitsari sau biyu. Daga nan sai juye-juye. Gab da asuba barci ya sake danne shi har ƙarfe 8, ya tashi a gajiye.

Barcin mai lafiya zagaye-zagaye ne, kowane zagaye kamar minti 90, huɗu zuwa shida a dare. Farkon dare nannauyan barci ya fi yawa, wanda jiki ke hutawa a cikinsa. Ƙarshen dare kuma barcin mafarki. Giya tana saurin kwantar da mutum, tana danne barcin mafarki a rabin farko. Da ta fara raguwa a jini sai abin da aka danne ya taso da ƙarfi, barci ya zama guntu-guntu. Tana kuma hana sinadarin da ke sa ƙoda ta riƙe ruwa, shi ya sa fitsarin dare, tana sassauta naman maƙogwaro, shi ya sa minshari.

## Kwana 1 zuwa 10: a gadon asibiti

An kwantar da shi, saboda mai shan giya da yawa haka idan ya bari lokaci guda a gida yana iya shiga hatsari. Alamomi sukan fara sa'a 6 zuwa 24 bayan kurɓin ƙarshe, jijjiga irin ta farfaɗiya takan zo cikin kwana biyun farko, ruɗewa da gane-gane kuma daga kwana na biyu zuwa na huɗu. An ba shi Valium, maganin kwantar da jijiya, ana rage awon a hankali har kwana bakwai, da allurar bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Bai yi jijjiga ba, bai ruɗe ba.

Likita ta yi masa bayanin da keken ɗinkinsa. A ƙwaƙwalwa akwai sinadarin da ke kwantarwa, GABA, da wanda ke zaburarwa, gulutamet, kamar zaren sama da zaren ƙasa. Shekara da shekaru giya tana jan ɗaya, ƙwaƙwalwa tana ɗaure ɗayan don ɗinki ya daidaita. Yanzu an saki wanda giya ke ja, wancan kuma yana nan a ɗaure, dole ɗinki ya tattare kafin a sake saita shi.

Muddin yana kan Valium yana samun sa'a biyar zuwa shida. Daren farko bayan an tsayar da shi, nas ta rubuta sa'a biyu da rabi. An sallame shi a kwana na goma, aka ba shi ranar dawowa bayan mako huɗu.

## Mako na 2 zuwa na 6: ido biyu a gida

Rawar hannu ta tafi, ci ya dawo, jini ya sauka zuwa 130 bisa 85. Barci ne ya ƙaurace. Don gudun fita, da an idar da isha'i yake shigewa ɗaki, ƙarfe 9:30 yana kan gado. Sai ya kai ƙarfe 12 ko 1 yana kallon rufin ɗaki ko waya. Idan barcin ya zo, na zomo ne, da mafarkai masu kama da gaske. Wanda ya fi damunsa shi ne ya ga kansa a mashaya da kwalba a hannu, ya farka yana jin ɗanɗanon a baki, yana istigfari, ya ɗauki mintuna kafin ya tabbata bai sha ba. Bai gaya wa kowa ba, don a zatonsa shaiɗan ne ke nuna masa zai koma.

Da rana gajiya ta sa ya ƙara abin da zai riƙe shi a kan keke: shayi mai kauri da Nescafé da safe, goro biyu zuwa uku a wuni, ataya da la'asar da kuma bayan magariba, sigari kamar kara takwas, biyu daga ciki da tsakar dare. Bayan azahar yakan miƙe a bencin shago ya yi sa'a ɗaya da rabi.

Abubuwan da aka gwada a wannan tsakani, bi da bi: madara mai ɗumi da zuma, babu canji. Rubutu da tofi daga malamin unguwa, hankalinsa ya ɗan kwanta amma sa'o'in barci ba su ƙaru ba. Piriton daga kemis, ƙwaya biyu: dare uku ya yi barci, a na huɗu ya daina aiki, sai bushewar baki da nauyin kai da safe. Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce bai je ba, saboda aiki da kuma kunyar a gan shi a layin. A mako na biyar wani ya samo masa Lexotan, ƙwayar sa barci dangin Valium, mai miligiram 3 ba tare da takardar likita ba. Ƙwaya ɗaya ta ba shi sa'a shida. Cikin mako biyu sai da uku yake kwanciya.

## Mako na 7: tuntuɓe

Farkon Disamba ƙwayar ta ƙare, wanda ke samowa ya yi tafiya. Dare uku a jere jimillar barcinsa ba ta kai sa'a biyar ba. A dare na huɗu, wajen ƙarfe 10, ya ce wa uwargida zai sayo kati. Ya sha kwalba uku, washegari huɗu. Ita ta kira wansa ta ce, "Yaya, ka zo, Baban yara ya koma."

Da likita ta tambaye shi abin da ya kai shi, ya ce ba sha'awar giyar ba ce, barcin dare ɗaya yake nema. Ba a kwantar da shi ba. An duba shi kullum na kwana uku, ba a ga alamar hatsari ba. A nan ne aka fara ɗaukar rashin barcin a matsayin ciwo mai zaman kansa, aka haɗa shi da masaniyar halayyar ɗan Adam ta asibitin.

## Mako na 8 da na 9: littafin barci

Mako biyu ba a canza komai ba sai awo. Aka ba shi littafin makaranta da aka ja wa layi, kowace safiya ya rubuta lokacin hawa gado, kiyasin mintunan da ya ɗauka kafin barci, sau nawa ya farka, lokacin tashi, ƙailula, da kowane kofi, goro ko sigari da lokacinsa. An hana shi duba agogo da dare. Kiyasi ake so. Uwargida tana duba abin da ya rubuta, inda ta ga ya rage ko ya ƙara ta faɗa.

Matsakaicin kwana 14: yana kan gado daga 9:30 zuwa 6:30, har da komawar bayan sallar asuba, sa'a tara ke nan. Barci a ciki sa'a huɗu da minti 45. Idan aka raba lokacin barci da lokacin gado aka ninka da ɗari, ana samun kashi 53. Abin da ake nema 85 ne zuwa sama. A ma'aunin tsananin rashin barci na ISI, mai tambayoyi bakwai, ya samu 23 cikin 28.

An kuma bincika abubuwan da kan ɓuya a ƙarƙashin rashin barci. Ciwon damuwa: tambayoyin ba su nuna shi ba. Ɗaukewar numfashi cikin barci: uwargida ta ce minsharin ya tafi tun barin giya, ba ta taɓa ganin numfashinsa ya tsaya ba, kuma shi ba mai ƙiba ba ne. Tsamin ƙafa mai sa motsi da dare: babu. A zaman ne ya faɗi maganar mafarkin, aka sanar da shi cewa masu barin giya da yawa suna yinsa, barcin mafarkin da aka daɗe ana dannewa ne ke rama bashi, kuma yana raguwa da kansa.

## Mako na 10 zuwa na 16: rage zaman gado

Tsarin da aka bi ba sabo ba ne. Masanin halayyar ɗan Adam Richard Bootzin ya fito da dabarar raba gado da zaman ido biyu a 1972, Arthur Spielman da abokan aikinsa suka wallafa ta rage lokacin gado a 1987. Kafin a ɗora shi an tabbatar bai taɓa jijjiga ba, domin ƙarancin barci yana iya tayar da ita ga mai tarihinta, an kuma hana shi hawa babur a mako biyun farko.

Aka fara daga safe. Lokacin tashi ƙarfe 5:15, daidai shirin sallar asuba, kowace rana, ko ya yi barci ko bai yi ba, kuma babu komawa gado bayan sallah. Da rana ta fito ya taka da ƙafa zuwa shago, minti 25, don hasken safe shi ke saita agogon jiki. Aka ba shi sa'a biyar da rabi na gado, ke nan ba zai kwanta ba sai 11:45. Idan ya ji ya kai kamar minti 20 ido biyu, ya tashi ya koma falo kan tabarma, da 'yar fitila mara haske sosai, ba waya, sai gyangyaɗi ya zo ya koma. Ƙailula aka tsayar da ita gaba ɗaya na ɗan lokaci.

Shayi da goro ba a yanke su lokaci guda ba, don ciwon kai. Kafeyin ɗin da ke cikinsu yakan ɗauki kamar sa'a biyar kafin rabinsa ya bar jini, saboda haka atayan magariba yana nan da sauransa har tsakar dare. Aka fara cire na magariba, bayan kwana huɗu na la'asar, sannan aka kafa doka: daga azahar babu goro, babu shayi. Sigarin tsakar dare aka cire shi, don nikotin ma zaburarwa yake.

Wuri mafi wuya a tsarin shi ne sa'o'in da ke tsakanin isha'i da 11:45. Ga wanda bai taɓa sha ba, zaman jiran lokacin kwanciya gundura ce kawai. Ga wannan mutum kuwa, su ne daidai sa'o'in da ya shekara biyar yana mashaya, kuma yanzu an ce ya zauna cikinsu a farke, a gajiye. Aka zauna da shi da uwargida aka cika su da abin yi. Yakan taho da aikin hannu daga shago, sa maɓalli da kalmasa, ya yi a falo, ita tana gefe tana tsintar wake ko kitson yarinya har ƙarfe 10:30. Ranar Talata da Laraba, lokacin da ake buga wasan zakarun Turai ƙarfe 9 na dare, ya so zuwa gidan kallo. Aka ƙi, don hanyar ɗaya ce da ta mashayar, ya koma kallo a gidan wansa. Kuɗin ciniki na yamma uwargida ke karɓa. Minti 30 na ƙarshe: alwala, shafa'i da wutiri, azkar ɗin kwanciya, a kashe fitila. Wannan jeri ba a canza shi, don jiki ya gane shi a matsayin sanarwar barci.

Dokar ƙari ita ce: idan matsakaicin mako ya kai kashi 85, a ƙara minti 15 ta ɓangaren dare, idan bai kai ba, a tsaya. Mako na 10 ya fi kowanne muni. Ya samu sa'a huɗu da minti 20, kashi 79, ya soke yatsa da allura, ya ɓata wuyan riga ɗaya, ya ce zai bari. Mako na 11 ya samu sa'a huɗu da minti 50, kashi 88, kuma karon farko cikin shekaru barci ya ɗauke shi cikin minti 15 ba tare da ya sha komai ba. Aka ƙara a mako na 12 da na 13. A na 14 ƙaramar 'yarsu ta yi tarin hunturu, awo ya sauka zuwa 81, aka tsaya. Zuwa mako na 16, farkon Fabrairu, yana kwanciya 10:45 ya tashi 5:15, yana samun sa'a biyar da minti 45, kashi 88. ISI ya sauka zuwa 13.

## Azumi da ɗinkin Sallah

Azumi ya kama a wata na biyar da kwanciyarsa asibiti, kuma tun kafin ya kama aka yi masa shiri, don ta nan ciwon ya faro shekara 14 baya. Ya rage karɓar ɗinki zuwa abin da za a gama da rana da farkon dare, ya rufe karɓa tun ranar 10 ga wata, abin da ya jawo masa asarar wasu masu kawo aiki. Shago yana rufewa ƙarfe 11. Barci daga 11:30 zuwa 4:15, sahur, sallah, sannan aka dawo da ƙailula bayan azahar amma minti 30 kacal, yaron shago ke tashinsa. Shayi kofi ɗaya da sahur. Da buɗa-baki kunu da zoɓo.

A goman ƙarshe ya je tahajjud dare huɗu, tsarin ya wargaje, barcin dare ya koma ƙasa da sa'a huɗu. Bai sha giya ba, bai nemi ƙwaya ba. Bayan Sallah aka mayar da shi sa'a shida na gado aka sake hawa, ya ɗauki mako biyu kafin ya dawo inda yake. Zafin Afrilu ya kawo nasa cikas: idan an ɗauke wuta ɗakin ba ya kwantuwa. Ya koma watsa ruwa kafin kwanciya, yana shimfiɗa a tsakar gida cikin gidan sauro har ruwan sama ya sauka.

## Wata na 9 zuwa na 12

A watan Yuli mafarkin shan giya ya koma sau ɗaya ko biyu a wata. A Oktoba, shekara ɗaya da kwanciyarsa asibiti kuma wata goma da kurɓin ƙarshe, littafin ya nuna sa'a shida da minti 20 cikin sa'a bakwai na gado, barci na zuwa cikin minti 20, farkawa sau ɗaya. ISI 7. Har yanzu yana cewa barcin bai kai nauyin na ƙuruciya ba, ƙarar janaretan maƙwabci tana tashinsa, kuma a mako biyu yakan samu dare ɗaya ko biyu marasa daɗi.

## Hukunci

Rashin barcin nan hawa uku ne, kuma an ɓata mako bakwai ana kallonsa a matsayin abu ɗaya. Hawa na farko na ƙwaƙwalwa ne, wanda lokaci kawai ke gyarawa. Nannauyan barci yakan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, kafin ya farfaɗo, shi ya sa ƙorafinsa na ƙarshe bai zama abin mamaki ba. Hawa na biyu shi ya gina shi da hannunsa da kyakkyawar niyya: sa'a tara a gado don gudun mashaya, da ataya da goro don riƙe aiki. Na uku tsoro ne, na daren da kansa da kuma na mafarkin da ya ɓoye.

Kuskure mafi tsada an yi shi ranar sallama. An bar shi ya tafi ba tare da an gaya masa cewa barci zai lalace na makonni ba, aka kuma sa ranar dawowa nesa. Bincike tun shekarun 1990 yana nuna cewa waɗanda barcinsu bai daidaita ba bayan barin giya sun fi komawa, saboda haka tambayar barci ta cancanci zama a mako na farko, da ziyara ko kiran waya kowane mako.

Piriton ya gaza don jiki yana sabawa da shi cikin kwanaki. Lexotan ya fi haka illa: inda giya ke taɓawa a ƙwaƙwalwa nan yake taɓawa, don haka ya mayar da zaren da ake ƙoƙarin saki, ya ninka awo uku cikin mako biyu, da ya yanke kuma ya bar rashin barcin da ya fi na da. Valium na asibiti dangin abu ɗaya ne, bambancin shi ne awo, da ranar tsayawa, da idon likita. Rubutu da addu'a ba su ƙara sa'o'i ba, amma azkar da alwala sun zama ginshiƙin jerin kwanciya, kuma sallar asuba ta ba da tsayayyen lokacin tashi wanda ba sai an yi jayayya a kansa ba.

Rage zaman gado shi ya juya lamarin, amma da an ba shi dokar 11:45 aka sallame shi ba tare da an cika masa sa'o'in bayan isha'i ba, da wuya ya wuce mako na 10. Wannan ɓangare uwargida da wansa suka ɗauke shi, ba asibiti ba. Kuma tsarin ba na yi-da-kanka ba ne ga wanda ya taɓa jijjiga, ko direba, ko wanda bai gama kwanakin farko na barin giya a hannun likita ba. A Kaduna, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana duba masu matsalar shaye-shaye.

A bangon littafin barcinsa an rubuta masa abin yi idan abin ya dawo: dare uku a jere ƙasa da sa'a huɗu, ya koma sa'a shida na gado, ya gaya wa uwargida a ranar, ya kira asibiti kafin ya bi ta kemis. Sau ɗaya ya yi amfani da shi, a watan Agusta, makon da aka yi musu rasuwa.